Yadda ake gane baƙon dutse: burbushin halitta ne, na sama ne, ko kashin maƙera?

Baƙon dutse yakan zo hannun mutum ta hanyoyi sanannu. Mai haƙar rijiya ya fito da shi daga gaba goma, ko garma ta tono shi a gona, ko ruwan damina ya zaizaye kwazazzabo ya bar shi a fili, ko kuma wani ya zo da shi daga Agadas ƙunshe a tsumma yana cewa daga sama ya faɗo. Abin da aka fi tambaya shi ne sunansa da kuɗin da zai yi, alhali waɗannan su ne na ƙarshen sani. Gane dutse aikin tankaɗe ne: kowane gwaji yana fitar da wasu zato waje, har a rage biyu ko uku da masani zai iya rabewa. Ana farawa da gwajin da ba ya taɓa lafiyar dutsen, a bar mai ɓarna zuwa ƙarshe. Kuma ka shirya zuciyarka tun yanzu, domin mafi yawan abin da ake kawowa marmara ce, ko tama, ko kashin maƙera.

Tun kafin ka ɗaga shi

Rabin amsar tana wurin da dutsen yake kwance, kuma da zarar ka jefa shi aljihu ba tare da rubuta komai ba, wannan rabin ya tafi. Ka ɗauki hoto uku kafin ka taɓa shi: na kusa da rula ko biro a gefensa don a ga girma, na ɗan nesa da zai nuna ƙasar da ke kewaye, da na faɗin wurin gaba ɗaya. Ka buɗe taswirar wayarka ka kwafe lambobin wurin. Ka rubuta kwanan wata, sunan ƙauye mafi kusa, da zurfin da aka same shi idan haƙa aka yi.

Akwai tambaya ɗaya da ta fi sauran nauyi: a maƙale yake cikin dutsen wurin, ko a sake yake a bisa ƙasa? Wanda ke maƙale ɗan wurin ne, kuma idan burbushin halitta ne, yawanci shekarunsa ɗaya da dutsen da ya riƙe shi. Wanda ke sake kuwa, mai yiwuwa ƙorama ce ta kawo shi daga nesa, ko tifa ta zubar da shi lokacin aikin hanya. Idan a gefen titi ko kusa da gini ka tsince shi, ka fara zargin tifa. Ka kuma ɗebi ɗan guntun dutsen wurin ka haɗa da shi a leda daban, masani zai gode maka.

Dalilin duk wannan shi ne ƙasarmu kashi biyu ce. Kano, Zariya, Gusau, yawancin Katsina da tsaunukan Jos suna zaune ne a kan tsohon dutse mai ƙyalƙyali, irin na Kufena da Kwatarkwashi, wanda ya daskare daga narkakken dutse ko zafin cikin ƙasa ya sāke masa kama. Halitta ba ta barin alama a irin wannan. Wanda ya fasa dutsen Kufena ya ce ya ga kifi a ciki, zanen ma'adini ya gani. Kashi na biyu shi ne kwaruruka inda yashi da laka suka kwanta falle-falle a tsawon zamani: yankin Sakkwato da Kebbi har zuwa Tawa da Agadas, yankin Gwambe da kwarin Binuwai, yankin Bida, da kwarin tafkin Chadi. A nan ake samun burbushin halittu, wato ƙashi, ɓawo ko alamar halittun dā da suka zama dutse, kuma da yawansu na teku ne, domin akwai zamunan da teku ya ratsa Sahara ya malale waɗannan wurare.

Ko a cikin kwarin ma kowane wuri da irin nasa. Dutsen siminti na Ashaka a jihar Gwambe yana ɗauke da nannaɗaɗɗun ɓawon wata halittar teku da ake kira amonayit, masu shekara wajen miliyan 94. Na Kalambaina a Sakkwato bai kai wannan tsufa ba, wajen shekara miliyan 60 ne, kuma ya fi yawan bushiyar teku, wata dunƙulalliyar halitta mai ƙaya a jiki, da makankari. Lakar Dange tana da haƙoran kifi da kashin dabbobi da ya zama dutse. A yankin Goronyo aka samo ƙasusuwan wani babban ƙadangaren teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972. Gadufawa kuwa, a hamadar Tenere ta Nijar, ita ce gidan manyan dabbobin da ake kira dainoso, masu shekara wajen miliyan 110.

Kayan aiki da tsaftacewa

Ba sai ka je ɗakin bincike ba. Ka nemi gilashin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu gyaran agogo da waya, maganaɗisu da zare, ƙyallen tayil wanda bayansa fari ne marar santsi, wuƙa, fasasshen gilashin taga, guntun wayar jan ƙarfe, ruwan khal, sikelin kicin mai auna giram, kofin roba, magagari, da tsohon buroshin haƙori.

Ka fara sharewa da busasshen buroshi. Dutse mai tauri za a iya wanke shi da ruwa zalla. Amma abubuwa uku ba sa son ruwa: duk abin da ke cikin laka mai ɓarewa falle-falle, domin tana shan ruwa ta kumbura ta wargaje da abin da ke cikinta, duk abin da ke da kamar gishiri ko kanwa a jikinsa, da wanda kake zaton daga sama ya faɗo, domin ƙarfen cikinsa zai yi tsatsa. Kada ka shafa masa mai don ya yi sheƙi, kada ka kankare shi da buroshin ƙarfe, kada ka liƙe karaya da gam mai kama nan take. Mai yana ɓoye launin gaskiya, gam kuma ba ya fita sai da ɓarna.

Gwaje-gwajen gida

Ka fita da shi hasken rana ka riƙe gilashin dab da idonka, ka matso da dutsen har ya fito sarai. Abin da kake nema: ƙwayoyin yashi zagayayyu da suka manne da juna, ko ƙwayoyi masu kusurwa da suka sarƙe suna ƙyalli, ko layuka falle-falle, ko ramukan kumfa. Ka dubi inda ya karye, ba bayansa ba. Rana da iska suna shafa wa duwatsun hamada baƙin fenti mai sheƙi, wanda ke sa farin dutsen yashi ya yi kama da ƙarfe.

Sai maganaɗisu. Ka ɗaure shi da zare ka rataye, sannan ka matso da dutsen a hankali. Ta haka za ka ga ko ɗan ja kaɗan ne, wanda hannu ba zai ji ba. Ka rubuta ɗaya daga uku: ya kama tam, ya ɗan karkata, ko ko gezau. Wanda ya kama tam yawanci baƙar tama ce da ake kira magnetayit, ko guntun ƙarfe, ko kashin maƙera. Idan dutsen an ga faɗowarsa daga sama da ido, ka tsallake wannan gwaji gaba ɗaya, domin maganaɗisu mai ƙarfi yana goge wani tarihi da ke cikin ƙwayoyinsa wanda masu bincike ke karantawa.

Gwajin nauyi ya fi kowanne amfani, kuma shi aka fi yi ba daidai ba. "Yana da nauyi sosai" ba bayani ba ne, lamba ake so. Ka auna dutsen a bushe ka rubuta. Ka zuba ruwa a kofi yadda zai shanye dutsen, ka ɗora a sikeli, ka danna ya koma sifili. Ka ɗaure dutsen da siririn zare ka sauke shi cikin ruwan har ya nutse duka, amma kada ya taɓa gindin kofi ko gefensa. Lambar da sikelin ya nuna yanzu ita ce nauyin ruwan da dutsen ya ture, wato girmansa. Ka raba ta farko da ta biyu. Misali, dutse mai giram 212 a bushe da ya nuna 80 a ruwa, lambarsa 2.65.

Ga abin da lambobin ke nufi. Dutsen ƙanƙara, wanda masana ke kira kwaz, 2.65 ne. Dutsen siminti da dutse irin na Kufena suna tsakanin 2.6 da 2.7. Baƙin dutsen aman wuta irin na Biu da Jos yana kai 2.8 zuwa 3.0. Yawancin duwatsun sama suna tsakanin 3.2 da 3.7. Tama mai kyau, ja ko baƙa, wajen 5 ce. Kuza tana kusa da 7, dutsen kwalli 7.5, dutsen sama na ƙarfe zalla 7 zuwa 8, zinaren da aka haƙo kuwa 15 zuwa 19. Kurakuran da ke ɓata lissafi uku ne. Idan dutsen ya zauna a gindin kofi, sikeli zai nuna nauyinsa ne gaba ɗaya, amsar ta fito 1. Idan kumfar iska ta maƙale a jikinsa, lambar za ta yi ƙasa, sai ka girgiza zaren. Idan kuma dutsen bai kai giram 30 ba alhali sikelinka giram ɗai-ɗai yake ƙirgawa, kuskuren giram guda zai iya mayar da 2.7 ta zama 3.2, ka yi ta murnar banza. Irin wannan sai a sikelin masu sayar da zinare. Wanda kake zaton na sama ne, ka tsoma shi na ɗan lokaci ka goge nan take ka shanya, ko ka bar wa masana; mai laka ko gishiri kuwa kada ka tsoma shi.

Tauri ana gwada shi ne da karta, a ɓoyayyen gefe. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, mai hawa daga 1 zuwa 10, farce 2.5 ne, jan ƙarfe 3, wuƙa da gilashi wajen 5.5, dutsen ƙanƙara 7. Wanda farce ya karta, jifsom ne, wani ma'adini mai laushi, ko busasshiyar laka. Wanda ya fi ƙarfin farce amma wuƙa ta shige shi cikin sauƙi, ka yi zaton dutsen siminti. Wanda ya karci gilashi, yawanci dangin ƙanƙara ne. Bayan kowace karta ka goge da jiƙaƙƙen yatsa ka sake dubawa, domin sau da yawa layin da ka gani ƙarfen wuƙar ne ya shafu a kan dutsen. Karta ta gaskiya farce yana jin raminta. Kuma ka tuna cewa karta gilashi ba shaidar lu'ulu'u ba ce, tsakuwar rafi ma tana yi.

Daga nan ka goga dutsen da ƙarfi a bayan tayil ka dubi launin garin da ya bari. Launin jiki yana ruɗi, na gari ba ya yi. Ja mai duhu jar tama ce, ko da jikinta baƙi ne ƙirin. Rawaya mai ruwan ƙasa tsatsar marmara ce. Baƙi magnetayit ne. Ruwan toka mai sheƙi, tare da nauyi da fashewa murabba'i-murabba'i, dutsen kwalli ne. Shi kuma dutsen nan mai ruwan zinare da ya sha cinye jarin mutane, fayirayit, baƙin gari yake bari mai ɗan kore, kuma guduma tana farfasa shi, alhali zinare rawaya yake bari kuma lanƙwashewa yake yi. Idan dutsen ya fi tayil tauri, farin garin da ka gani na tayil ne.

Na ƙarshe ruwan khal. Ka kankaro ɗan gari da wuƙa, ka ɗiga ɗigo ɗaya a kai, ka duba da gilashi. Ƙananan kumfa na nufin dutsen siminti ne ko ɓawon halittar ruwa. Ka wanke wurin bayan gwaji. Kada ka kusanci ruwan batir: yana ƙona fata da ido, kuma amsar da yake bayarwa ba abin dogaro ba ce.

Gargaɗi guda kafin a wuce: kada ka daka dutse mai nauyi a turmin gida ko a tsakar gida, kada ka lasa. Gubar dalma da ta kashe aƙalla yara 400 a Zamfara a 2010 ta fito ne daga dakan duwatsun zinare a cikin gidaje.

Idan zato ya karkata ga burbushin halitta

Ido yana saurin ganin kai, ƙafa da fuska a jikin kowane dutse, don haka siffar waje ita kaɗai ba hujja ba ce. Halitta tana barin tsari mai maimaituwa da daidaito, kuma tsarin yana shiga har ciki.

Ɗauki bushiyar teku ta Kalambaina. Dunƙule ce da ba ta cika tafin hannu ba, ƙasanta a shafe, samanta a tashe. Juya ta sama za ka ga zanen fure mai kunne biyar, kowane kunne da layuka biyu na ƙananan huji a jere reras. A ƙasa akwai ramin baki, a baya kuma wani ramin. Ruwan khal zai yi kumfa a kanta. Babu wata hanya da zaizayar ruwa za ta yi kunne biyar masu huji a jere.

Nannaɗaɗɗen ɓawo kuma sai a bi shi a hankali, domin iri uku ne ke kama da juna. Na dodon koɗi yana tashi sama kamar hasumiya kuma cikinsa rami ɗaya ne. Amonayit a kwance yake nannaɗuwa, cikinsa ɗaki-ɗaki, kuma inda ɓawon ya goge za ka ga layukan da suka raba ɗakunan suna da lanƙwasa ƙanana masu yawa, kamar gefen ganye. Ɗan'uwansa notilas shi ma ɗaki-ɗaki ne, amma layukansa a sauƙaƙe suke, lanƙwasa ɗaya mai laushi. Amonayit ya ƙare a duniya shekara miliyan 66 da suka wuce, saboda haka nannaɗaɗɗen da ya fito daga dutsen Kalambaina ba shi ba ne, notilas ne ko dodon koɗi. Nan za ka ga amfanin rubuta wuri. Sau da yawa ɓawon kansa ya narke, abin da ya rage lakar da ta cika cikinsa ce ta daskare da siffarsa. Wannan ma burbushi ne na gaskiya.

Ƙashi ana gane shi ta karayarsa. Waje yana da ɓawo mai santsi da siraran layuka a tsaye, ciki kuwa huji-huji ne irin na soso, ko da ma'adini ya cike hujin da wani launi. Dutsen da cikinsa da wajensa iri ɗaya ne, ƙwayar yashi ko laka zalla, ba ƙashi ba ne komai kamarsa da cinya. Haƙori yana da rufi mai sheƙi da ya bambanta da saiwarsa; na kifin shak a shafe yake mai kusurwa uku, na kada zagayayye mai tsini. Don rabe tsohon ƙashi da na saniyar da ta mutu shekaru kaɗan baya, ka duba nauyi, ka ƙwanƙwasa: wanda ya zama dutse yana da nauyi kuma ƙararsa irin ta tangaran ce. Za ka iya ɗora jan allura mai zafi a ɓoyayyen gefe. Sabon ƙashi yana warin ƙonannen gashi. Rashin warin bai tabbatar da shekara miliyoyi ba, ya nuna dai ƙashin ya daɗe.

Icen da ya zama dutse, wanda ke da yawa a wajen Ingal da wasu sassan Sakkwato, yana riƙe da zaren ice da gurbin reshe, amma yana karta gilashi kuma lambar nauyinsa wajen 2.6.

Masu ruɗi su ne waɗannan. Dunƙulallun duwatsu masu kama da ƙwai, da ake kira ƙwan dainoso, ma'adini ne ya taru a kewayen wani ɗan abu cikin laka. Idan ɗaya ya fashe za ka ga zobe cikin zobe, alhali ƙwai na gaskiya yana da siririn ɓawo mai kauri ɗaya ko'ina. Wasu dunƙulen suna da tsagogi da farin ma'adini ya cike, sai a ce bayan kunkuru ne, amma ɓangarorin kunkuru a daidaite suke dama da hagu, waɗannan kuwa barkatai. Baƙin zane mai rassa a fuskar tsaga, wanda ake ɗauka ganye ne, ma'adinin manganis ne da ruwa ya bari. Ba shi da kauri, ba shi da jijiyar tsakiya. Marmara kuma gwanar kwaikwayo ce, tana yin bututu, ƙwallaye da ramuka, amma garinta a tayil ja ne ko rawaya.

Idan ka ga ƙasusuwa da yawa a jere cikin ƙasa, ka tsaya. Kada ka ciro ko ɗaya. Yadda suke kwance shi ke nuna dabba ɗaya ce ko tarkace, kuma da yawansu suna rugujewa da zarar an ɗaga. Ƙasusuwan kan Nigersaurus na Gadufawa, dabbar nan mai haƙora wajen 500, wasunsu haske na ratsa su don sirantaka. Masana sai sun shayar da ƙashi wani gam na musamman da ake iya narkarwa daga baya, sun naɗe shi da tsumma da filasta, sannan su ɗaga shi tare da ƙasarsa. Naka shi ne hoto, lambobin wuri, da rufe shi da yashi. Idan kuwa akwai alamar na mutum ne, kamar tsofaffin kaburburan Gobero da aka gano a Tenere a 2000, sai a sanar da hukuma.

Idan ana zaton daga sama ya faɗo

Yana faruwa a ƙasarmu. A ranar 3 ga Oktoba 1962 dutse mai kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a lardin Katsina, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars yake. Amma a cikin tulin da ake kawowa, da wuya a sami ɗaya na gaske.

Alamar farko ɓawon ƙuna ne: siririn rufi baƙi, da wuya ya wuce milimita 1 ko 2, wanda ya samu lokacin da wajen dutsen ya narke a iska. Inda ya ɓantare za ka ga cikin ya bambanta, yawanci ruwan toka mai haske. Kusurwoyinsa a goge suke, wani lokaci da lotsattsun wurare kamar an danna babban yatsa. Idan alamun sun taru, ga lambar nauyi sama da 3.2, ga ɗan jan maganaɗisu, sai ka buɗe taga: ka goge wuri mai faɗin farce da magagari a gefen da ba ya da kyau. A yawancin duwatsun sama za ka ga ɗigo-ɗigon farin ƙarfe a warwatse, da ƙananan ƙwallaye masu faɗin wajen milimita 1. A tayil kuma ba sa barin gari sosai.

Abubuwan da ke kore zato sun fi sauƙin gani. Ramukan kumfa, layuka falle-falle, farin dutsen ƙanƙara a ciki, jan gari ko baƙi mai kauri a tayil: kowanne daga cikinsu ya isa ka ajiye maganar. Kashin maƙera shi ne babban mai ruɗi, domin baƙi ne, yana da nauyi, yana jan maganaɗisu, kuma ga shi birjik a kufai da gindin duwatsu inda kakanni suka narka tama. Ka nemi kumfa a cikinsa, da alamar kwarara a bayansa, da wuraren da suka yi sheƙin gilashi. Tamar yankin Sakkwato mai ƙananan ƙwallaye ita ma tana kama da cikin dutsen sama, sai dai jan garinta yana tona ta. Guntun ƙarfe zalla kuwa ba a yanke masa hukunci a gida. Sai na'ura ta auna sinadarin nikel, wanda a dutsen sama ba ya kasa wajen kashi 5 cikin ɗari. Irin na Mars kamar na Zagami ba su cika jan maganaɗisu ba kuma ba su da ɗigon ƙarfe, don haka dutse mai ɓawon ƙuna na gaske ba a yar da shi don ya faɗi wannan gwaji.

Kada a fasa. Wanda ya faɗo kusa da Gujba a ranar 3 ga Afrilu 1984, da aka ƙiyasta ya kai kilo 100, farfasa shi aka yi aka rarraba, yawancinsa ya bazu a hannun mutane, alhali irinsa kaɗan ne a duniya. Ka ɗauke shi da tsabtatacciyar leda, ka ajiye a busasshen wuri.

Aikin hannun mutum

Gatarin aradu, dutsen nan mai santsi da kaifi a gefe ɗaya da manoma ke tsinta, gatarin mutanen da ne da aka wasa da hannu. Da gilashi za ka ga layukan wasawa sun bi hanya ɗaya. Haka kan kibiya na dutse, mai ƙananan ɓantarori a jere a gefe biyu. Abin da aradu ke yi da gaske daban ne: bututun yashi da ya narke, waje kaushi, ciki santsin gilashi, kuma ana samunsa a rairayin Tenere. Kayan hannun mutum na gidan tarihi ne, ba na masanin duwatsu ba.

Kai shi wurin masana

Ka haɗa takarda ɗaya: wuri da lambobinsa, a maƙale ko a sake, tsawo da faɗi a santimita, nauyi a giram, lambar nauyi, tauri, launin gari, maganaɗisu, ruwan khal. Ka ƙara hotuna shida na kowane gefe, a inuwa mai haske, kan farar takarda, da rula, ba tare da filashi ba. Ka ba kowane dutse lamba a takarda cikin ledarsa, kada ka rubuta a jikinsa. Mai rauni a naɗe shi da takarda mai laushi a sa a kwali yadda ba zai yi motsi ba. Auduga tana maƙalewa a ƙashi ta ɓantaro shi.

A Najeriya ka nufi sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa, kamar Ahmadu Bello a Zariya, Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko Jami'ar Jos, ko hukumar binciken ƙasa ta tarayya wadda ke da babban ɗakin gwaji a Kaduna. A Nijar akwai Jami'ar Abdou Moumouni da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Kada ka nemi hukunci daga wanda ke son saye. Idan za ka bar dutsen a hannun wani, ka karɓi takarda mai ɗauke da nauyinsa da hotonsa da sa hannu. Dutsen sama ba ya samun suna a rajistar duniya sai an yanki giram 20, ko kashi 20 cikin ɗari idan ƙarami ne, an ajiye a cibiyar da aka amince da ita, don haka kada ka ɗauka cuta ce idan an nemi yanka.

Batun sayarwa da fitarwa waje yana da doka. A Najeriya dokar ma'adinai ta 2007 ta sa ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, kayan tarihi kuma ba a fita da su sai da izinin hukumar gidajen tarihi. Nijar tana da dokar kare kayan gado ta 1997, kuma ta buɗe bincike bayan da aka yi gwanjon wani dutsen Mars mai kusan kilo 25, da aka tsinta a yankin Agadas a Nuwamba 2023, kan dala miliyan 5.3 a birnin New York a Yulin 2025. Kafin ka karɓi kuɗin kowa ko ka ba direba saƙon dutse ya tsallaka iyaka, ka je ofishin ma'adinai na jiharka da takardar bayanan nan ka tambayi irin izinin da ake bukata.